Yadda aka jera Littafi Mai Tsarki na Kirista

Littafi Mai Tsarki, wato Baibul, tarin littattafai ne da aka kasa gida biyu: Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. A wurin ƴan Furotesta littattafan 66 ne, a wurin ƴan Katolika 73. Bambancin littattafai bakwai ɗin a Tsohon Alkawari yake. Sabon Alkawari 27 ne a ɓangarorin biyu.

An jera su bisa irinsu, ba bisa lokacin da aka rubuta su ba. Tsohon Alkawari ya fara da littattafai biyar na Attaura, sai tarihin Isra'ilawa, sai waƙoƙi da hikima kamar Zabura, sannan annabawa. Sabon Alkawari ya buɗe da Linjila huɗu: Matiyu, Markus, Luka da Yohanna. Ayyukan Manzanni ke biye, sai wasiƙu, Wahayin Yohanna ya rufe.

Lambobin surori da ayoyi daga baya suka zo. Ana danganta rabon surori ga Stephen Langton, limamin cocin Ingila, a ƙarni na 13. Bafaranshe mai ɗab'i Robert Estienne ya sa wa ayoyin Sabon Alkawari lamba a 1551.