Biyu da Ɗaya a Amurka: Najeriya, Maradona da Tsohon Zargin Ƙwaya a Ƙwallon Ƙafa

Ranar Asabar, 25 ga Yuni 1994, da misalin ƙarfe tara na dare agogon Najeriya, aka take wasa tsakanin Super Eagles da Ajantina a filin Foxboro da ke kusa da birnin Boston a Amurka. Ƙasa tana cikin zaman ɗarɗar, domin kwana biyu kafin nan gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Cif Moshood Abiola. Amma a daren nan ba wanda ke zancen siyasa. Mu a Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo, ana idar da sallar isha'i aka kewaye akwatunan rediyo, masu ƙarfin ƙafa kuma suka nufi inda aka ji ƙugin janareta. Karon farko ke nan da Najeriya ta je gasar cin kofin duniya, ga shi ta riga ta lallasa Bulgeriya da ci 3 da nema. Biyu daga cikin waɗanda suka ci ƙwallayen, Rashidi Yekini da Daniel Amokachi, haifaffun Kaduna ne, saboda haka Arewa ma tana jin abin nata ne.

A minti na 8 Samson Siasia ya ɗaga ƙwallo ta saman mai tsaron gidan Ajantina ta faɗa raga. Murnar ba ta daɗe ba. Claudio Caniggia ya farke a minti na 21, ya ƙara ta biyu a minti na 28, kuma duka biyun daga bugun tazara suka fito, duka biyun da ƙafar mutum ɗaya a ciki: Diego Armando Maradona, mai shekara 33. Ta biyun ta fi ciwo. 'Yan bayanmu suna tsaye suna jiran alƙalin wasa, shi kuwa ya hango Caniggia a gefen hagu ya zura masa ƙwallo kafin kowa ya farga. Ya yi minti casa'in cur yana riƙe ƙwallo, ana kai masa sara yana tashi. Da aka tashi, wata ma'aikaciyar lafiya cikin fararen kaya ta shigo har tsakiyar fili, suka fita riƙe da hannun juna, yana murmushi yana ɗaga wa jama'a hannu. Wajen gwajin fitsari za ta kai shi. Wasansa na ƙarshe ke nan da rigar ƙasarsa.

Ranar 30 ga Yuni hukumar FIFA ta sanar cewa an samu sinadarin ephedrine da danginsa guda huɗu a fitsarinsa. Ephedrine ba wani baƙon abu ba ne, yana cikin magungunan mura da na toshewar hanci da yawa na wancan zamani. Yana buɗe hanyar numfashi, yana sa zuciya ta ƙara bugu, yana kore kasala, yana kuma rage sha'awar abinci, shi ya sa masu son rage ƙiba suke nemansa. Maradona kuwa ya zubar da ƙiba mai yawa cikin 'yan watanni kafin gasar. Ɓangarensa ya ce mai kula da motsa jikinsa, Daniel Cerrini, shi ya saya masa wani abin ƙarin kuzari a Amurka, ya ɗauko mai suna kusan iri ɗaya da wanda ya saba sha, alhali abin da ke ciki ya bambanta. Likitan FIFA, Michel d'Hooghe, bai karɓi wannan bayani ba. A ganinsa haɗi ne aka yi da gangan. Hukumar ƙwallon Ajantina ta janye shi daga gasar tun kafin a kore shi, daga baya aka dakatar da shi wata 15, daidai da hukuncin da aka yi masa a 1991 yana Napoli, lokacin da aka samu hodar iblis a jikinsa.

Tambayar da aka yi ta yi a majalisun hira bayan nan ita ce: to, ina makinmu? Idan mutumin da ya shirya ƙwallaye biyun da aka ci mu ya sha haramtaccen abu, don me ba za a soke wasan ba? Ba a soke ba. Sakamakon yana nan a kundin FIFA har yau, Ajantina 2, Najeriya 1. A tsere, in aka kama mutum, lambar yabonsa ake ƙwacewa a bai wa na bayansa. A ƙwallon ƙafa laifin na ɗan wasa ne shi kaɗai. Ko a dokar da duniya ke bi yanzu, sai an kama fiye da mutum biyu a ƙungiya ɗaya kafin a fara maganar hukunta ƙungiyar. Allah ya sa rashin makin bai cutar da mu ba. Ajantina ba Maradona ta sha kashi a hannun Bulgeriya da ci 2 da nema, mu kuma muka doke Girka da ci 2 da nema, ƙwallon Amokachi ta ƙarshen lokaci ta ɗora mu a saman rukuni. Ladan zama na ɗaya shi ne haɗuwa da Italiya da Roberto Baggio ranar 5 ga Yuli, kuma wannan wani tabo ne daban.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin bai fito ba sai bayan shekara 17. A 2011 Maradona, yana cikin rigima da shugaban hukumar ƙwallon ƙasarsa Julio Grondona, ya ce a wasannin neman gurbi da suka yi da Ostireliya a ƙarshen 1993 ba a yi gwajin ƙwaya ba sam, kuma an zuba wa 'yan wasa wani abu a kofi don su ƙara gudu. Abokan wasansa da dama sun musanta maganar kofi. Amma Grondona da bakinsa ya amsa cewa ba a yi gwajin ba. Ke nan an ɗauke gwaji a lokacin da ake buƙatar Maradona ya kai ƙasarsa Amurka, aka kuma kama shi da gwaji bayan ya kai ta. Daga nan na fara fahimtar cewa tarihin ƙwaya a wannan wasa bai tsaya ga wanda ya sha ba. Rabinsa labarin wanda ya ga dama ya duba ne, da ranar da ya ga damar.

In aka koma baya za a ga haka abin yake tun asali. A wasan ƙarshe na 1954 a birnin Bern, Hungari, wadda ta ci Jamus ta Yamma 8 da 3 a farkon gasar, ta shiga gaba da ci 2 cikin minti takwas, amma aka tashi Jamus na da 3 tana da 2. An yi wa 'yan wasan Jamus allurai a lokacin gasar. Likitansu Franz Loogen ya ce bitamin C ne. Bayan komawa gida da yawansu suka kwanta da ciwon shawara, abin da ake dangantawa da allurar da ba a tsabtace da kyau ba. A 2010 wani masanin tarihi Bajamushe, Erik Eggers, ya ce akwai alamu masu ƙarfi cewa Pervitin ne a cikin sirinjin, wato ƙwayar hana barci da sojojin Jamus suka sha a yaƙin duniya na biyu. Ba a iya tabbatarwa ba, domin babu fitsarin da aka ajiye. Sai a 1966 aka fara gwaji a gasar cin kofin duniya. Mutumin farko da aka kama, a 1974, ɗan bayan Haiti ne, Ernst Jean-Joseph. A 1978 aka kama Willie Johnston na Sikotland. Wanda ya lura zai ga cewa kafin Maradona, ba daga manyan gidaje ake fitar da mai laifi ba.

Shekara biyu bayan Boston, 'yan Najeriya suka sake tsayawa a gefen da ya yi asara a wani wasan da zargi ya biyo bayansa. Ranar 22 ga Mayu 1996, a birnin Rum, Ajax ta Holand, da Finidi George da Nwankwo Kanu a sahun gaba, ta kara da Juventus a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Aka tashi kunnen doki 1 da 1, Juventus ta ɗauke kofi a bugun fanareti. A 1998 wani koci mai yawan faɗin abin da ke ransa, Zdenek Zeman, ya ce lokaci ya yi da ƙwallon Italiya za ta fito daga kantin magani. Mai gabatar da ƙara na birnin Turin, Raffaele Guariniello, ya ɗauki maganar da muhimmanci. Da aka binciki ma'ajiyar kulob ɗin, aka tarar da magunguna iri 281, adadin da ya fi dacewa da ƙaramin asibiti fiye da wurin da ake tara lafiyayyun samari. Yawancinsu ba haramtattu ba ne. Abin tambaya shi ne me ya sa ake bai wa mai lafiya maganin mara lafiya. A shekarar ce kuma aka gano cewa ɗakin gwajin da ke Rum ba ya bincika mafi yawan fitsarin 'yan ƙwallo don neman sinadaran gina tsoka. Aka rufe shi, shugaban kwamitin Olamfik na Italiya, Mario Pescante, ya yi murabus.

Shari'ar ta ci shekaru. A Nuwamba 2004 aka yanke wa likitan kulob ɗin, Riccardo Agricola, ɗaurin shekara ɗaya da wata goma, har da laifin amfani da EPO, sinadarin da ke ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don mutum ya daɗe bai gaji ba. A Disamba 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. A 2007 kotun ƙoli ta bar wankewar da aka yi masa kan EPO, ta ce akwai abin dubawa a kan sauran magungunan, amma wa'adin da doka ta ba da na hukunta laifin ya wuce. Kofin 1996 yana Turin. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in ji Hausawa, kuma ban ce Finidi da Kanu an yi musu fashi ba. Abin da na ce shi ne, an shafe shekara tara ana bincike da ƙwararrun likitocin jini da alƙalai, aka ƙare babu wanda zai iya rantsuwa cewa an yi, babu kuma wanda zai iya rantsuwa cewa ba a yi ba.

Sai a kwatanta wannan da yadda ake gama shari'ar ɗan wasa guda. An kafa hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 1999, bayan abin kunyar tseren keke na Faransa na 1998, kuma ƙa'idarta mai tsauri ce: duk abin da aka samu a jikinka, kai ne da alhaki, ko ka sani ko ba ka sani ba. A 2011 aka dakatar da Kolo Touré na Kwaddebuwa wata shida, yana Manchester City, saboda ya sha ƙwayar rage ƙiba ta matarsa. A 2021 aka dakatar da mai tsaron gidan Kamaru André Onana, yana Ajax, shekara guda, kotun wasanni ta rage zuwa wata tara, bayan ta yarda cewa kuskure ya yi ya ɗauki maganin matarsa a madadin na ciwon kai. Waɗannan an gama da su cikin watanni. Gwajin fitsari yana kama mai sakaci da mai gaggawa. Wanda ke da likita a bayansa, mai sanin awa nawa sinadari ke ɗauka kafin ya fice daga jiki, da wuya ya faɗa tarkon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu nan gida kalmar "magani" tana da faɗi. Ɗan dambe ko ɗan kokawa da ya ɗaura kambu ko guru, ya sha rubutu, aka yi masa tsaga aka shafa gari, shi ma cewa ake yi ya sha magani, kuma ba a ɗauke shi abin kunya ba. Shiri ne kamar kowane shiri. Da wannan tunanin muka shiga ƙwallo. In ƙungiyar wani gari ta zo ta yi ta gudu ba gajiya, abin da aka fi zargi a da shi ne asiri, a ce sun binne wani abu a bakin raga. Yanzu zargin ya sauya. In yaro ya yi minti casa'in a tsakiyar rana, aka taka masa ƙafa ya miƙe kamar ba a taɓa shi ba, sai ka ji 'yan kallo suna cewa ya haɗiya. Kowa ya san me ake nufi.

Tramadol maganin kashe zafin ciwo ne daga dangin opium. Ba ya ƙara wa ƙafa sauri, jin ciwo yake ɗaukewa, shi ya sa masu aikin ƙarfi suke shansa, daga leburori zuwa masu noman kwadago. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin waɗannan magungunan kashe ciwo suka sha ba bisa umarnin likita ba. Matasan da ke cikin wannan adadi su ne masu cika filayen ƙasa na Gwarzo da Kabo da Ƙaraye da yammacin kowace rana. Haɗarin ga ɗan ƙwallo a bayyane yake: ciwo shi ne ƙararrawar da ke gaya wa mutum jijiyar gwiwa ta fara yagewa, in aka kashe ƙararrawar sai ya ci gaba da gudu a kanta. Shan da yawa kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Daga 1 ga Janairu 2024 WADA ta sa tramadol cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Sai dai doka tana buƙatar mai ɗaukar fitsari, da kwalba mai hatimi, da sanyi, da kuɗin jirgi, domin Najeriya ba ta da ɗakin gwajin da WADA ta amince da shi, waje ake aikawa. Ko manyan 'yan wasanmu ba su tsira daga wannan gibin ba: a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na Najeriya goma shiga fili, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta shar'anta ba kafin su tafi. In haka ta faru da masu rigar ƙasa, ba sai an faɗi halin gasar cin kofin ƙaramar hukuma ba, inda ko akwatin agajin gaggawa ba kullum ake samu ba.

Yaron da ya saba haɗiyar ƙwaya kafin wasa a filin makarantar firamare, in Allah ya ɗaga shi wani ɗan leƙen 'yan wasa ya kai shi gwaji Turai ko ƙasashen Larabawa, can ne zai fara haɗuwa da mutumin da zai tare shi a bakin fili da takarda a hannu, ya raka shi ɗaki, ya tsaya a kansa har ya cika kwalba. Mai kemis ɗin da ya sayar masa yana gida, kocin da ya gani ya kau da kai shi ma yana gida, sunan yaron kaɗai ne a jikin kwalbar.