Landsat: Tarihin Wani Ido a Sama da Tambayar Wanda Zai Biya

A shekara ta 1966 ne Sakataren Harkokin Cikin Gida na Amurka, Stewart Udall, ya ba da sanarwar shirin harba tauraron ɗan'adam wanda aikinsa shi ne duban ƙasa, bisa shawarar William Pecora, shugaban hukumar binciken ƙasa ta USGS. Masu tsara kasafin kuɗi suka yi ta jan ƙafa, suna ganin jiragen sama sun isa yin wannan aiki. Sai ran 23 ga Yuli, 1972 aka harba na farko, wanda daga baya aka raɗa wa suna Landsat. Kowane kwana 18 yakan sāke bi ta kan wuri ɗaya, yana ɗaukar hoton dazuzzuka da gonaki da koguna.

Amfanin irin wannan hoto yana cikin maimaituwarsa, domin sai an gwada na bana da na shekarun baya ake gane inda daji ya ƙare ko ruwa ya ja. Hotunan Tafkin Cadi na 1973 da na 1987, alal misali, sun nuna wa duniya yadda fari ya cinye yawancin tafkin.

Duk da haka, a 1984 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar mayar da shirin hannun 'yan kasuwa, kamfanin EOSAT ya karɓe shi a 1985. Farashin hoto guda ya hau har dala 4,400. Jami'o'i da ma'aikatun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka janye, gama ba su iya biya. Abin da ya fi muni shi ne, an rage ɗaukar hoton wuraren da ba su da mai saye, watau aka bar giɓi a tarihin ƙasashe da yawa wanda ba shi cikuwa har abada, tun da ba a ɗaukar hoton shekarar da ta wuce. A 1989 kuɗin gudanarwa ya ƙare, har aka yi shirin kashe Landsat 4 da 5, sai da Mataimakin Shugaban Ƙasa Dan Quayle ya samo kuɗin gaggawa.

Majalisa ta sāke shawara a 1992, ta mayar da nauyin shirin kan gwamnati. Bayan an harba Landsat 7 a 1999 farashi ya sauko zuwa dala 600. Sa'an nan a 2008 USGS ta buɗe rumbun hotunan kyauta ta intanet. Hotunan da a dā ake sayar da dubbansu a shekara, sai ga shi ana kwasar miliyoyinsu. Tarayyar Turai ma ta bi wannan tafarki a shirinta na Copernicus, wanda ya harba tauraronsa na farko a 2014.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafi duk mai riƙe da alƙalamin baitulmali. Sa ido kan fari da ambaliya aiki ne irin na ma'aunin ruwan sama: ribarsa ba ta shiga aljihun wanda ya biya, tana bayyana ne a hatsin da aka tanada kan lokaci da garin da aka kwashe kafin ruwa ya iso. Aikin da ribarsa ta kowa ce, lalle ne dukiyar jama'a ta ɗauki nauyinsa, kuma ta ɗauka kowace shekara ba tare da yankewa ba.