Zazzaɓin cizon sauro a Gwandu da Kalgo

Zazzaɓin cizon sauro yana cikin manyan cututtukan da suka addabi duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da cutar har sau miliyan 263, kuma mutane kusan 597,000 suka rasa rayukansu. Kusan kashi 95 cikin 100 na mamatan a nahiyar Afirka suke, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Nijeriya ce kan gaba, inda a 2023 take da fiye da rubu'in masu kamuwa da cutar a duniya. A cikin ƙasar kuma jihar Kebbi ce ta fi jin jiki a 2021. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar, alhali a Legas ba ta wuce kashi 3 ba.

Me ke haddasa ta?

Macen sauron anofilis ce ke ɗaukar ƙwayar cutar daga jinin wani zuwa na wani, kuma a ruwa kwantacce take saka ƙwai. Ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, maƙwabtan Birnin Kebbi, yankin manoma ne, kuma fadamun da jihar ke tinƙaho da su wajen noman shinkafa su ne matattarar sauro. Cutar ta fi ƙamari daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da magidanta ke buƙatar ƙarfinsu a gona.

Idan ta yi tsanani, takan jawo ƙarancin jini da jijjiga, wadda wasu iyaye ke dangantawa da iska, har a makara kafin a kai yaro asibiti. Mai juna biyu kuwa tana iya yin ɓari ko ta haifi jariri maras nauyi.

Hanyoyin kariya

Tun 2005 Nijeriya ta daina dogaro da kulorakwin saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma ga magungunan haɗi masu sinadarin atemisinin. Ana kuma raba gidajen sauro masu magani. A lokacin damina ma'aikata na bi gida-gida wata-wata, suna bai wa yara 'yan wata uku zuwa 59 maganin kariya.

A watan Disamba na 2024 aka fara allurar rigakafin R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Jami'ar Okisfod ta Ingila ce ta samar da ita, ana kuma sarrafa ta a Indiya. Sau huɗu ake yi wa yaro: a wata biyar, shida, bakwai, da kuma goma sha biyar. Allurar tana rage haɗari ne kawai, ba ta maye gurbin gidan sauro.

Sauran ƙalubale

Sauro ya soma jure wa magungunan kashe ƙwari, kuma a Ruwanda da Yuganda an ga alamun ƙwayar cutar na jure wa atemisinin. A 2025 Amurka ta zaftare tallafin da take bai wa ƙasashen waje. Ga iyayen yara a Gwandu da Kalgo, shawarar likitoci ita ce a kammala allurai huɗun, a kuma gwada jinin yaro da zarar jikinsa ya yi zafi.