Majigin Zane da Masu Kallonsa a Ƙasar Watari

1. Gabatarwa

Majigin zane, wanda yara ke kira katun, shi ne fim ɗin da ba a ɗauki hoton mutum ko dabba mai rai a cikinsa ba. Siffofi a ke zanawa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗan saɓa da wadda ta gabace ta, sa'an nan a gilma su a gaban ido da sauri, har 24 cikin daƙiƙa guda, sai su zama kamar suna motsi. Da yawa daga cikin waɗanda suka shahara a duniya, daga littattafan yara aka ciro labarinsu. Abin lura kuwa shi ne, ko da ya ke da sunan yara a ke yin su, in an kunna ba yara kaɗai ke kallo ba. Uwa ta kan dakata da tankaɗe, uba ya tsaya a bakin ƙofa wai zai wuce, ba ya wucewa sai an gama.

Nufin wannan takarda shi ne ta bi tarihin wannan sha'ani a ƙasar Watari, ta nuna cewa abin da ke tara iyali gaban allo ya girmi allon. Mutanen karkara sun san shi tun a dandalin tatsuniya.

2. Ƙasar da daren tatsuniya

Kogin Watari ya biyo ta ƙasar Bagwai, arewa maso yamma da birnin Kano, ya gangara ya haɗu da Challawa. Yana ratsa irin ƙasar nan mai yawan jama'a da ta kewaye Kano, wadda Mortimore da Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi bayaninta a 1965. Gona tana manne da gona, ana nomanta kowace shekara da taimakon taki, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsaitsaye cikinta, gidaje kuma ba su yi nisa da juna ba. Saboda wannan kusanci, in an kai amfanin gona gida, ba wuya yaran gida uku ko huɗu su hallara ɗakin tsohuwa guda bayan cin tuwon dare.

Tatsuniya tana da ƙa'idodinta. Da dare a ke yin ta, tana da kalmomin buɗewa waɗanda masu sauraro ke amsawa, da na rufewa. Taurarinta sanannu ne: Gizo da matarsa Ƙoƙi, da Kura mai kwaɗayi da wauta, da Dila malamin daji, da Dodo. Mai ba da ita ta kan sāke murya ga kowannensu, ta yi tsamin bakin Gizo, ta yi gurnanin Kura. A tsakiya akwai waƙa wadda ke dawowa sau uku ko huɗu, kowa ya kama amshi. Yaro yana dariyar Kura ta faɗa rami. Babba kuwa, da ya ke ya san wani mai irin halinta a unguwa, dariyarsa dabam ce. Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa, domin zai sāke gamuwa da su.

3. Daga baki zuwa takarda

Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, ya kuma fitar da Dare Dubu da Ɗaya a 1924. Amma littafin da ya shiga hannun ɗan makaranta sosai daga Zariya ya fito, inda Rupert East ke shugabancin Hukumar Talifi. Gasar da aka yi a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Jiki Magayi da Idon Matambayi, wanda Muhammadu Gwarzo ya rubuta, mutumin ƙasar da ke maƙwabtaka da Watari. Bayan haka aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina ya zauna Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na farko ya fito a 1937.

Imam ya ɗebo labaru daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamus waɗanda 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka fara bugawa a 1812, da waɗansu wurare, ya sa musu rigar Hausa har ba mai cewa baƙi ne. Ya kuma ɗora su duka a bakin aku, wanda ke riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Watau ƙaramin tsuntsu mai wayo ya rinjayi babban mutum mai mugun nufi. Wannan shi ne gadon Gizo, sai dai an gyara masa hali don ya dace da aji. Da Yaƙi da Jahilci ya bazu cikin shekarun 1950, aka sami masu karatun boko a ƙauyuka, sai littafin ya koma inda ya fito: mutum ɗaya na karantawa a zaure, goma na sauraro.

4. Abin da ke faruwa a waɗansu ƙasashe

A daidai wannan zamani masu zane na Turai da Amurka suna ɗiba daga rijiyoyin da Imam ya ɗiba. A Jamus wata mata, Lotte Reiniger, ta yanka siffofi da almakashi, ta haska su ta baya, ta fitar da labarin Yarima Ahmad na Alfu Laila a 1926. Shi ne dogon majigin zane mafi tsufa da ya wanzu har yau. A watan Disamba na 1937, shekarar da Magana Jari Ce ya fito, Walt Disney ya nuna Snow White a Amurka, labarin kuwa daga littafin Grimm ya ke.

Yadda Disney ya riƙa sarrafa littattafai abin nazari ne. A littafin Pinocchio wanda Collodi ya buga a Italiya a 1883, ɗan itacen nan ya jefi gyaren da ke yi masa nasiha da guduma ya kashe shi. A fim ɗin 1940 sai aka raya gyaren, aka mai da shi abokin tafiya mai ba da labari da gargaɗi, watau aikin akun Imam ke nan sak. Haka kuma The Jungle Book na 1967, wanda aka ciro daga littafin Kipling na 1894: an rage masa ban tsoro, an ƙara waƙoƙi, an ba kowace dabba muryar da ba a mantawa. A Jamus, inda aka juya shi da Jamusanci mai daɗi, an sayar da tikitinsa fiye da miliyan 27, abin da ya sa shi a sahun gaba cikin finafinan da aka fi kallo a ƙasar. Ashe dabba mai hali irin na mutane, da murya, da waƙa mai amshi, da magana mai hawa biyu cikin harshen gida, su ne jarin, ko a Bagwai ko a Balin.

5. Zuwan majigi

Gidan silima na Rex ya buɗe a Kano a 1937, amma silima ba ta zama wurin iyali ba. A wajen ganuwa aka fara gina ta, ana shiga da kuɗi, mutanen kirki suna ganin wurin 'yan iska ne, matan aure kuwa ba sa zuwa. Gobarar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa mutane ƙyamarta.

Majigi dabam ya ke. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen finafinan ƙasashen da ta ke mulka a 1939, ta ɗora William Sellers a kansa, wanda dā ma'aikacin lafiya ne a Ikko. Mota ce ke zuwa da injin wuta da farin allo da lasifika, ta sauka irin garuruwan hakimai kamar Bichi da Gwarzo da Dawakin Tofa, a kafa a ƙofar fada bayan magariba. Kyauta a ke kallo, da izinin sarauta, saboda haka tsoho da yaro duk suna hallara. Akwai ma'aikaci mai sharhi wanda ke fassara hotuna da Hausa, in ya iya baki ya saka barkwanci. A nan ne jama'a suka ga Baban Larai, fim ɗin da ke koyar da noman zamani. Wanda ya duba da kyau zai ga dandalin tatsuniya ne aka faɗaɗa: dare, da taro, da mai ba da labari.

Sai dai Sellers ya zo da wani ra'ayi wanda ya daɗe yana aiki. A ganinsa mutumin ƙauye ba zai gane hoto ba sai an tafi a hankali, ba a kusanto da abu ya cika allo ba, ba a yi wata dabarar kyamara ba. Akwai labarin da Turawan suka riƙa maimaitawa, wai an nuna sauro ya cika allo, sai masu kallo suka ce ai su nasu sauron ƙanana ne, ba abin damuwa. Suka ɗauki wannan hujja ce ta rashin fahimta. Wanda ya san bakin Bahaushe kuwa zai fi zaton ba'a ce a ke yi wa mai majigin. Mutanen da suka tashi da Gizo yana aron fukafukai wurin tsuntsaye, ba zanen ɓera mai wando ne zai ruɗa su ba. Illar wannan ra'ayi ita ce, an mai da majigi makarantar tsafta da noma kawai, ba a yi tunanin zuba masa dukiyar da ke cikin littattafan Zariya ba.

6. Aikin Moustapha Alassane

Wanda ya warware wannan shakka daga Nijar ya fito. An haifi Moustapha Alassane a 1942. Tun yana yaro ya kan yanka siffofi ya haska su da fitila ya tara 'yan'uwansa kallo. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaru da Norman McLaren. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, a 1966 kuma Bon Voyage Sim, inda kwaɗi ke da shugaba da fadawa da faretin soja. Yaro ya ga kwaɗo a jirgin sama ya yi dariya, babba ya gane shugabannin sabuwar mulkin kai a ke zunɗe. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, daga wani labarin gargajiya. Ya zauna shekaru masu yawa a Tawa, cikin ƙasar Hausa, yana aiki da 'yan kayan da ya harhaɗa da hannunsa, ya rasu a 2015. Aikinsa ya tabbatar da cewa abin ba ya bukatar dukiyar Disney kafin a fara.

7. Daga talabijin zuwa waya

A Nijeriya ta Arewa, da aka tashi mai da littafi fim, 'yan wasa aka nema. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976, gidan talabijin na Kaduna ya nuna Magana Jari Ce cikin shekarun 1980, finafinan bidiyo na Kano kuma suka fara da Turmin Danya a 1990, suka karkata ga soyayya da waƙa. A ɓangaren littafi, Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida a farkon shekarun 1970 don makarantun firamare. Labaru dai ga su jibge, amma zanen da ya cika idon yara daga waje ya zo. Tom and Jerry, wanda aka fara a Amurka a 1940, ya sami karɓuwa ƙwarai, dalili kuwa a fili ya ke: kusan babu magana a cikinsa, kuma ƙarami mai wayo ne ke wahalar da babba mai ƙarfi, tamkar Gizo da Kura.

Ƙasar Watari ita ma ta sāke. Madatsar ruwan da aka gina a Bagwai tsakanin 1977 da 1980 ta kawo noman rani, rani ya zama lokacin aiki ga masu fadama. Bidiyo ta shigo, gidajen kallo suka biyo, daga baya waya ta shiga aljihun manomi, ana tura mata finafinai a kasuwa. Waya kuwa allonta na mutum ɗaya ne ko biyu. Yaro yana samun zane da motsi, amma ya rasa amshi, ya rasa babban da zai ce masa, ka ga abin da kwaɗayi ya jawo wa Kura.

8. Abin da ya rage ga malamai

Daga wannan tarihi malamin kwalejin horon malamai zai iya cirar abu uku. Na farko, in za a nuna wa ɗalibai majigin da aka ciro daga littafi, a fara karanta littafin, sa'an nan a tambaye su abin da aka rage da abin da aka ƙara, da dalili. Misalin gyaren Pinocchio ya isa darasi guda. Na biyu, a maido da aikin mai sharhi: malami ya tsayar da fim, ya fassara, ya bar yara su yi amshi, a kuma gayyaci iyaye in hali ya yi. Na uku, a koya wa ɗalibai dabarar Reiniger da Alassane, domin kwali da almakashi da fitila da farin ƙyalle ba su fi ƙarfin kowace makaranta a Bagwai ko Bichi ba, kyamarar waya kuma ta isa ɗaukar siffofin ɗaya bayan ɗaya.

Da tsohuwar zuma a ke magani. Tsofaffin da suka iya muryar Gizo da waƙoƙin da ke cikin tatsuniya suna raguwa, littafi kuwa kalmomi ya ke adanawa, ba ya adana murya. In ana so wata rana yaran Watari su ga akun Imam yana magana a allo da Hausar da kakanninsu za su zauna su saurara, lalle a fara ɗaukar muryoyin nan tun masu su suna da rai.