Daga Jakin Fatake Zuwa Babur Mai cc 125

'Yan uwa, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya kamata mu tuna da abokin tafiyar da ba ya zama a taro amma kullum yana bakin ƙofa: babur.

Kakanninmu da jaki suka san wannan ƙasa. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, madugu na gaba, su yada zango a Sansanne Mango, su zarce Salaga su sayo goro. Tafiyar watanni ce. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, fatake suka bazu cikin zangunan wannan yanki. Daga baya babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Mango da Bombouaka da Dapaong har Sinkase, tsawon sama da kilomita 600, ta zama ta manyan motoci. Sai dai babbar mota ba ta shiga kasuwar ƙauye, kuma a nan ribar ƙaramin ɗan kasuwa take.

Wannan giɓi ƙaramin inji ya cike. Mobylette, wadda kamfanin Motobécane na Faransa ya fitar a 1949, injinta bai kai cc 50 ba. Mai bugu biyu ne, ana gauraya masa fetur da baƙin mai, yana da feda kamar keke. Dattawanmu sun san yadda ake taya ta da ƙafa a kan hawa. Bayanta Yamaha Mate ta zo, mai cc 50 da mai 80, da yawa kwancen Japan. Tana da tankin baƙin mai daban, tana da giya, amma ga hayaƙi, ga fulogi mai saurin yin baƙi.

Abubuwa biyu suka yawaita babur a Togo. Yajin aikin gama-gari da aka fara a Nuwamba 1992 ya tsayar da motocin haya na watanni, jama'a suka koma hawan zemijan. Sannan a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, mota da kayan gyaranta suka fi ƙarfin talaka.

Injin da muke hawa yau kuwa asalinsa 1975 ne, shekarar da Honda ta fitar da CG125. An ƙera shi ne musamman don ƙasashen da hanya ba kyau, bakanike na nesa, juyen mai kuma sai an tuna. Fistin ɗaya, bugu huɗu, iska ke sanyaya shi, ƙarfinsa wajen doki 11. Kamfanonin Sin suka kwaikwayi wannan tsari, daga farkon shekarun 2000 baburansu suka cika kasuwanninmu da araha: Sanya, Haojue, Apsonic. Na Indiya irin su Boxer da TVS suka biyo baya. Inji mai bugu huɗu ba ya ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa ya fi tsimi kuma hayaƙinsa kaɗan. Daga nan aka samu mai ƙafa uku, mai cc 150 zuwa 200, wanda ke kwaso masara da gawayi da awaki zuwa kasuwar Dapaong.

Ƙarfin doki 11 kuwa yana da iyaka. Injin da iska ke sanyayawa, in aka lafta masa buhuna ana jan sa da ƙaramar giya cikin zafin Maris, iskar da yake samu ba ta isarsa. Mai ya tsinke, zobban fistin su cinye. Ƙurar hunturu in ta wuce matatar iska, aikin yashi take yi a cikin inji. Birki da sarƙa ma ba su san an ƙara kaya ba. Da yawanmu mun yi asarar jarin wata guda a kan buhu ɗaya da muka ƙi barin sa sai sawu na biyu, wasu kuma abin ya wuce asarar dukiya.

Zamani ma ya ƙara matsi. A Yunin 2022 aka sa jihar Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren kan iyaka, bincike ya yawaita a hanya. A Mayun 2023 Nijeriya ta cire tallafin fetur, farashin man kwalba ya tashi har nan. Yau kowace lita lissafi ce.

Madugun da ba ya barin a ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa, domin ya san in dabba ta kwanta ayari ya tsaya. Mu ma mu juye mai a kan lokaci, mu wanke matatar iska, mu riƙe takardunmu cikakku, mu sa hular kwano, mu koya wa yaranmu haka kafin mu miƙa musu makulli. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya dawo da mu gida lafiya.