Hanuka: Tarihin Kayan Zaƙin Da Ba Sa Shiga Kaskon Suya

Daga nan Gonin Gora nake gaishe ku, bakin titin Kaduna zuwa Abuja. Yau tarihi zai shiga da mu kicin. Disamba wata ne na suya, cincin da fanke da nama, ga iyayenmu da yawa likita ya ce su rage maiƙo. Shi ya sa na ɗauko labarin wani biki da aka gina shi kacokan a kan mai, amma masu shi suka daɗe da kayan zaƙin da ba a soyawa. Sunan bikin Hanuka, na Yahudawa ne. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da su? Ka yi haƙuri ka biyo ni, za ka ga labarin ya biyo ta Kano.

A shekara ta 167 kafin Miladiyya, wani sarki daga zuriyar Girkawan da ke mulkin Siriya, Antiyokus na huɗu, ya hana Yahudawa ibadarsu, ya mayar da Haikalinsu na birnin Ƙudus wurin bautar gumaka. Wani gida na malaman addini ya yi tawaye ƙarƙashin Yahuza Makabi, kuma a shekara ta 164 suka ƙwato birnin, suka tsarkake Haikalin. Kalmar Hanuka ma ma'anarta ke nan, keɓe wuri domin ibada. Ana yin bikin kwana 8, yana farawa ran 25 ga watansu na Kislev, wanda ke faɗawa tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba. 'Yan'uwanmu Kirista sun san shi ko da ba da wannan suna ba, domin Linjilar Yohanna, sura ta 10, ta ambaci wannan idi, har ta ce lokacin sanyi ne.

To ina mai ya shigo? Littafin Talmud, wanda aka tattara ɗaruruwan shekaru bayan faruwar abin, shi ya kawo cewa da suka shiga Haikalin, tulu ɗaya kacal na tsarkakakken man zaitun suka samu, wanda zai ishi fitila kwana ɗaya, amma ya ci har kwana 8. Don tunawa da haka ake kunna fitilu, ake kuma cin soyayyen abu. Wanda ya fi shahara a yau shi ne wainar dankalin Turawa da suke kira latke, da wani fanke mai jam a ciki.

Sai dai ku lura da wani abu. Dankalin Turawa daga Kudancin Amurka ya fito, bai isa Turai ba sai ƙarni na 16, kuma bai zama abincin talakan Gabashin Turai ba sai ƙarni na 19. Ka ga ke nan wainar da ake wa kallon ta kaka da kakanni, jiya-jiya ta zo. Akwai al'adar da ta girme ta, ita ce ta madara da cuku.

Tushen wannan al'ada wata mace ce, Judit. Labarinta yana cikin Littafi Mai Tsarki na 'yan Katolika. Bazawara ce da ta shiga sansanin wani janar mai suna Holofanis wanda ya yi wa garinsu ƙawanya, ta jira ya bugu ya yi barci, ta sare masa kai. Masu ba da labarin a ƙarnonin baya sun ƙara da cewa cuku mai gishiri ta ba shi, ƙishi ya kama shi, ya yi ta kwankwaɗar giya. Daga nan aka haɗa labarinta da Hanuka. Wani babban malaminsu na birnin Karako a Poland, Musa Isalis, wanda ya rasu a 1572, ya rubuta cin cuku a cikin al'adun bikin. A Tunisiya da Libiya har rana guda aka ware a cikin kwanakin, ana kiranta Idil Banat, idin 'yan mata, inda ake karrama mata da kyaututtuka da kayan zaƙi.

Daga wannan al'ada ta madara aka samu abubuwa da dama da ake gasawa. A birnin Rum akwai kasola, cuku mai laushi da ƙwai da sukari, a kaɗa a gasa. Abin sha'awa, maƙwabtansu Kirista suka ɗanɗana, suka ɗauka, har ya shiga teburinsu na Kirsimeti. A Poland akwai rugela, ƙullin fulawa da ake murzawa a barbaɗa masa kirfa da zabibi ko gyaɗar Turawa, a naɗe shi kamar tabarma a gasa. Da ya isa Amurka aka riƙa kwaɓa shi da cuku. Wasu kuma kek suke yi da man zaitun da lemo, su ce ai ga man nan a ciki, an tuna da abin da ya faru ba tare da an ɗora kasko ba. Sai kuɗin biki da ake ba yara, wanda a shekarun 1920 masu yin alewa a Amurka suka mayar da shi cakulan mai siffar kwabo, naɗe a takarda mai ruwan zinare.

Yanzu ga inda Kano ta shigo. A 1492 aka kori Yahudawa daga Sifen, suka bazu Maroko, Italiya da daular Usmaniyya, kowa da girkin gidansu. A daidai wannan lokaci akwai tsohuwar al'ummar Yahudawa a Tuwat, cikin saharar Aljeriya ta yau, 'yan kasuwa ne a kan hanyar fatake da ke gangarowa ƙasashenmu. Rikicin da Shehu Magili ya jagoranta a kansu ya kai ga rushe wurin ibadarsu a garin Tamantit, al'ummar ta watse. Shi ne dai Magilin da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har ya rubuta masa littafi kan tsarin sarauta.

Hanyoyin saharar nan kuwa sun ɗauko kalmomi tare da kaya. Alewarmu daga Larabci ta fito, halawa. Daga wannan tushe ɗaya halba ta samo suna, wato alewar riɗi da Larabawa, Turkawa, Girkawa da Yahudawa duk ke ci. Wanda ya taɓa cin ƙantu ya san danginta.

Mu ma ai muna da namu. Nakiya ta shinkafa da zuma da man shanu, wadda ake kai wa amarya a gara, tana daɗewa ba ta lalace ba. Dakuwa, ƙantu, alewar madara, tuwon madara. Babu wanda ake tsomawa a tafasasshen mai. Amma ku duba tiren biki a yau, na Sallah ko na Kirsimeti, cincin ne da kek da lemon kwalba. Yara nawa ne a cikinmu suka iya dakan nakiya? Masu iyawar tsufa suke yi, kuma girkin da ba a rubuta ba, ranar da mai shi ta tafi, ya bi ta.

Yahudawa sun watsu a nahiyoyi, an kore su daga ƙasa zuwa ƙasa, amma mun san tarihin kasola da rugela saboda wani ya zauna ya rubuta, wata kuma ta koya wa 'yarta. Don haka ga aikin gida. A wannan hutun, ki je wurin Hajiya ko Mama, ka je wurin kaka ko gwaggo, ku tambayi yadda ake nakiya ko dakuwa, mudu nawa, zuma nawa, wane kayan yaji. Ku rubuta a waya, ku gwada, ku aika wa maƙwabta da kwano guda.