Hoton Ƙirji da 'Yar Takardar da ke Rakiyarsa

Na san kin taɓa kai yaro ko tsohuwa asibiti aka ce a je a ɗauko hoton ƙirji, aka miƙo miki wata 'yar takarda mai rubutun likita, irin wanda ba ya karantuwa. To yau tarihin hoton nan da takardar tasa za mu ɗan taɓa.

A watan Nuwamban 1895 ne wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano wani haske da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Hannun matarsa ya ɗauka, har da zobenta ya fito. Kin ga ashe da hannun mace aka fara. A yaƙin duniya na farko kuwa, Marie Curie ta ɗora na'urar a motoci tana kai ta kusa da fagen daga, don likita ya ga inda harsashi ya maƙale kafin ya sa wuƙa.

Da tafiya ta yi nisa aka riƙa ɗaukar ƙirjin jama'a da yawa ana neman tarin fuka, sai wata matsala ta ɓullo. A 1949 wani likitan hoto a Amurka, Henry Garland, ya nuna cewa ƙwararru ma kan tsallake kusan kashi 30 cikin 100 na hotunan da ke da alamar cuta. Ba sakaci ba ne. Hoton inuwa ce kawai, fari da baƙi. Farin da ya bayyana a huhu zai iya zama nimoniya, ko ruwan da ciwon zuciya ya tara, ko tabon tarin da ya warke tuntuni. Shi kuma mai duba hoton galibi bai ga majinyacin ba, takardar nan ita ce idonsa. In "tari" kaɗai aka rubuta, me zai kama? A 2004 Loy da Irwig suka tattara binciken da aka yi a kan haka, suka ga bayanin majinyaci yakan ƙara wa karatun hoto daidaito. Sai dai wani lokaci bayanin yakan ja ido gefe guda a manta da sauran, shi ya sa wasu ke fara kallon hoton tukuna su karanta takardar.

Tun wajejen 1980 aka fara ajiye hotuna a kwamfuta, ta yadda likitan sashen gaggawa zai buɗe hoton nan take, ya jera shi da na bara, ga sakamakon jini a gefe. Ga wanda huhunsa ya sace bayan hatsarin mota, mintunan nan ba wasa ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen tantance tarin fuka a hoton 'yan shekara 15 zuwa sama.

Amma fa kwamfuta ba ta san abin da kika ɓoye ba. Mu mata kunya ta yi mana yawa gaban likita. Ki faɗi tun yaushe tarin ya fara, ko da jini, ko ana gumin dare da rama, ko wani a gida ya taɓa shan maganin tarin fuka. In da juna biyu, ki faɗa kafin ki tsaya gaban na'urar. Tsohon hoton da ke ƙarƙashin katifa kuma, ki ɗauko shi ki tafi da shi.